Abin da suwic ke tunawa bayan an ɗauke wuta: kundin aiki, Nuwamba zuwa Maris

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne saboda abin da ya same mu a makon jiya, don kada wata rana a tambaye ni inda aka kwana in yi zuru. Duhun da ya lulluɓe yawancin jihohin Arewa a ƙarshen Oktoba bai ƙyale kwalejinmu ba. Dizal ya gagara, aka taƙaita janareta zuwa awa huɗu a rana, batiran inbata suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Suwic ɗinmu, wato akwatunan da ke haɗa kwamfutocin kwaleji a netwok, waɗanda suka shekara biyu ko uku a kunne, duk suka mutu. Ashirin da uku gare mu. Da wuta ta dawo, sha bakwai suka tashi lafiya lau, shida kuwa suka tashi kamar wanda ya farfaɗo daga dogon suma yana tambayar waye ke mulki.

Ofishin kuɗi ba intanet. Ɗakin jarrabawar kwamfuta rabi na aiki, rabi shiru. Firintar ofishin rajista ta koma VLAN ɗin ɗalibai, wato ɓangaren netwok da aka ware musu, inda take shekara biyu da suka wuce. Oga ya kira ni ya ce, "Injiniya, wuta ce ta ƙona su?" Na ce, "A'a Yallaɓai, babu abin da ya ƙone. Mantuwa suka yi." Ya dube ni kamar na raina masa hankali.

Alhali gaskiya na faɗa. Suwic na da saiti biyu. Akwai wanda yake aiki da shi a yanzu, `running-config`, yana zaune a RAM, kuma RAM ba ta riƙe komai in wuta ta tafi. Akwai kuma wanda yake karantawa idan ya tashi, `startup-config`. Mu a ofis saitin tashi muke ce masa. Duk canjin da ka yi a suwic na Cisco nan take yake kama aiki, amma ba ya shiga saitin tashi sai ka buga `write memory` ko `copy running-config startup-config`. Wani ya zo, ya gyara, ya ga abu ya yi, ya naɗe kebul ɗinsa ya tafi salla. Shekara biyu ba wanda ya gane, tunda inbata na rufa asiri. Kuma a cikin shidan nan, biyu da hannuna na yi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ƙidaya. Ni da yaron da ke zaman IT a wajenmu muka zaga gini-gini da laftof da shuɗin kebul na kwansol, wanda ke jona laftof da suwic kai tsaye. Catalyst 2960 na Cisco sha shida, Aruba 2530 biyar, MikroTik biyu a masaukin ɗalibai. Huɗu ba sa karɓar SSH, hanyar shiga suwic daga nesa mai lulluɓe bayani, sai Telnet, tsohuwar hanya da ba ta lulluɓe komai. Ɗaya ba wanda ya san kalmar sirrinsa. Wanda ya saita shi ya bar aiki tun kafin zuwana.

Ajiyar ko-ta-kwana da muka tarar: fayil tara a wani tsohon filashi cikin durowa, masu suna irin "sabo", "sabo2", "na ƙarshe", "na ƙarshe gyararre". Babu kwanan wata, babu sunan gini. Na mayar da shi inda na ɗauko shi.

Talata, 12 ga Nuwamba

Yau agogo kawai na yi, kuma na yi mamakin yadda ya zama shi ne farkon komai. A saman `show running-config` Cisco na rubuta layi biyu: lokacin da aka yi canji na ƙarshe, da lokacin da aka yi ajiya ta ƙarshe. In na farko ya fi na biyu sabunta, akwai aikin da ke rataye a iska. To amma tsofaffin 2960 ba su da batirin agogo. Duk sanda suka tashi, sai su ce yau 1 ga Maris, 1993. Yaron IT ya yi dariya ya ce, "Oga, ai lokacin ko auren iyayena ba a yi ba." Na haɗa duk waɗanda nake iya shiga da NTP, mai daidaita agogo ta netwok, daga sabarmu ta cikin gida, na sa musu lokacin Najeriya, awa ɗaya gaba da UTC.

Aruba ta fi sauƙin kai a nan: `show config status` kawai, ta gaya maka ko saitin biyu sun yi daidai. A Cisco kuwa `show archive config differences nvram:startup-config system:running-config` ne ke zayyano bambancin layi-layi, ƙari da alamar tarawa, ragi da alamar ɗebewa. Na bi sha bakwai ɗin da muka ce sun tashi lafiya. Uku a ciki har sun sake tara canjin da ba a ajiye ba, cikin mako biyu kacal. Wato ba tsohon ciwo ba ne da ya warke. Hali ne.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na shigo ranar hutu don suwic ɗin da ba a san kalmar sirrinsa ba, na ginin laburare. Hanyar sananniya ce: ka zare wuta, ka danne maɓallin Mode, ka mayar da wuta kana danne da shi har ya tsaya a `switch:`. Sai `flash_init`, sai ka canza wa `config.text` suna, ka tayar da shi babu saiti, ka shiga, ka dawo da fayil ɗin, ka sa sabuwar kalma. A 2960 saitin tashi ba wani ɓoyayyen abu ba ne, fayil ne mai suna `config.text` a cikin filashin suwic, kusa da wasu biyu da na daɗe ina wucewa ban kula su ba: `vlan.dat` da `private-config.text`.

A nan ne na yi tuntuɓe. Da na buga `copy flash:config.text system:running-config` sai na ɗauka an gama. Ashe wannan umarni ba ya maye gurbi, gauraya yake yi: yana zuba layukan fayil ɗin a kan abin da ke nan, kamar kana buga su da hannu. Abin da fayil ɗin bai ambata ba yana nan yadda ya same shi. Interface Vlan1, inda adireshin kula da suwic yake, a rufe yake zuwa daga kamfani, kuma kalmar `no shutdown` ba ta fitowa a saitin da aka ajiye. Na koma ofis, na yi ta neman suwic ta netwok bai amsa ba, na sake hawa bene hawa biyu don in buga kalma biyu. Mai son maye gurbi na gaske `configure replace` zai nema, ko ya sa fayil ɗin a saitin tashi ya sake kunna na'urar.

Abin da ya tsaya mini a rai: duk wanda ya iya kaiwa ga wannan maɓalli da laftof, cikin minti goma suwic ya zama nasa. Kabad ɗin laburare ko kwaɗo babu.

Laraba, 4 ga Disamba

Na kawo shawara a taron sashe, ina ji da kaina. Cisco na da `kron`, mai gudanar da umarni a kan lokaci. Na ce a sa kowane suwic ya riƙa buga `write memory` da kansa ƙarfe sha biyun dare, shi ke nan an kashe maganar mantuwa. Oga ya ji daɗi. Wani dattijo a sashenmu, wanda ya fara aiki tun zamanin da ake buga intanet ta layin tarho, bai ce komai ba sai da aka tashi. Ya ce, "Ƙanena, in ka yi kuskure da yamma ka tafi gida, wa zai hana shi ajiye kuskuren da dare?" Na ce ai ba kullum ake kuskure ba. Ya ce, "To, Allah ya kyauta."

Na sa wa suwic biyar don gwaji.

Juma'a, 6 ga Disamba

Na cire `kron` daga duka biyar ɗin. Ga dalili.

Jiya bayan la'asar ina zaune a ofis ina ƙara VLAN a layin da ya haɗa mu da ginin kimiyya, wanda ke can ƙarshen kwaleji. Maimakon `switchport trunk allowed vlan add 40`, sai na manta da kalmar `add`. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san sauran labarin. Ba tare da ita ba, suwic na fahimtar cewa VLAN 40 kaɗai ka yarda ya wuce, sauran duk ya toshe, har da wanda nake bi in shiga cikinsa. Allon ya daskare. Na sare reshen da nake zaune a kai.

Ginin a kulle, mai makulli ya tafi ƙauyensu ta'aziyya. Amma akwai maigadi, kuma akwatin wutar ginin a waje yake. Na kira shi na ce, "Baba, don Allah sauke babban makunnin nan, ka ƙirga ashirin, ka mayar." UPS ɗin can ya daɗe da mutuwa, abin da nake ta ƙorafi a kai, jiya shi ya cece ni. Suwic ya mutu, ya tashi, ya karanta saitin tashi wanda kuskurena bai shiga ba. Bayan 'yan mintoci komai ya dawo.

Sai da na kwanta na tuna cewa wannan suwic yana cikin biyar ɗin gwaji. Da maigadi bai ɗaga waya ba, da na ce bari sai da safe, ƙarfe sha biyu zai ajiye kuskuren da kansa, kuma ko sau goma aka kashe aka kunna, da shi zai riƙa tashi. Ranar Juma'a, ɗalibai na da gwaji a ɗakin kwamfutar ginin.

Wata guda ina kallon tazarar da ke tsakanin saitin biyu a matsayin cuta. Ashe ita ce igiyar da ake jawo mutum da ita daga rijiya. Masu ƙera na'urar ba sakaci suka yi ba da suka raba su. Abin da ya cuce mu a Oktoba shi ne barin tazarar ta shekara biyu ba wanda ya leƙa. Da safe na je na gaishe da dattijon, na ba shi labari. Bai ce "ai na faɗa maka" ba, shayi ya zuba mini, wanda ya fi zafi.

Daga yau duk canjin da za a yi daga nesa, `reload in 10` ne farko. In ka toshe kanka, bayan minti goma suwic zai sake tashi da kansa a kan tsohon saiti. In komai ya yi, `reload cancel`, sannan ajiya. Tarko ɗaya: idan ka buga shi bayan ka riga ka taɓa wani abu, zai tambaye ka ko ya ajiye canjin. Hannu ya saba da `yes`. A nan `no` ake so.

Wani abokina da ke aiki da na'urorin kamfanin Juniper ya yi mini gori a waya. Su nasu ba ya kama aiki sai an buga `commit`, kuma `commit confirmed` na janye canjin da kansa bayan minti goma in ba ka tabbatar ba, ba tare da na'urar ta mutu ba. Ga tsofaffin saiti har hamsin a jere, daga 0 zuwa 49. Na ce masa mu ma in an ba mu kasafinku za mu yi gori.

Litinin, 16 ga Disamba

MikroTik ɗin masauki nasu hali daban. Babu saiti biyu, duk abin da ka buga ya ajiyu nan take, don haka dabarar maigadi ba za ta yi aiki a kansu ba. Abin da ke madadinta shi ne Safe Mode: ka kunna shi kafin canji, in haɗinka ya yanke sai na'urar ta warware abin da ka yi. Ajiyarsu ma iri biyu ce. Ta `/system backup` ba ta karantuwa da ido, kuma don na'urar da ta fito daga ciki aka yi ta. Ta `/export` rubutu ce zalla. Ta biyun na zaɓa.

Aruba kuma na iya riƙe fayil ɗin saitin tashi har uku, `show config files` na nuna su. Na ajiye ɗaya mai suna "tushe" a kowanne, wanda ba a taɓawa.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

An dawo hutu, hunturu ya cika kabad-kabad da ƙura. Na ɗauko wata tsohuwar kwamfuta, na sa mata Linux da Oxidized. Aikinta shiga kowane suwic duk awa ɗaya, ta kwafo saiti, ta zuba a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin duk canjin da aka yi wa fayil. In an samu canji, ya zama sabon shafi mai kwanan wata. RANCID ya girme shi kuma yana yin aikin, amma Oxidized ya fi mini sauƙin saitawa. TFTP da muka saba kwafar fayil da shi na ajiye shi gefe: ba ya tambayar kalmar sirri, ba ya lulluɓe komai, duk wanda ke kan layi zai iya karanta abin da ya wuce.

Da na fara karanta abin da ya kwaso ne gumi ya karyo mini. Kalmomin sirri masu lamba 7 a gaba sun cika ko'ina. Wanda bai sani ba zai ga haruffa a hargitse ya ɗauka an ɓoye su, alhali cikin daƙiƙa ake warware irin wannan. Na warware ɗaya, sai ga sunan kwalejin da 123 a ƙarshe. Duk na mayar da su `secret`, irin da ba ya warwaruwa haka. Na kuma duba `show vstack config`, na tarar Smart Install, hanyar Cisco ta saita sabon suwic daga nesa, a kunne a suwic tara. Wannan ita ce ƙofar da aka bi a Afrilun 2018 aka shafe saitin tashi na dubban suwic, musamman a Iran da Rasha, aka bar musu zanen tutar Amurka a madadinsa. `no vstack` a kan taran.

Sai wani giɓi da ban yi tsammani ba. Oxidized saitin da ke gudana yake kwafowa daga Cisco, ba saitin tashi ba. Wato zan iya mallakar ajiya mai kyau a Git, alhali abin da suwic zai tashi da shi daban ne. Ajiya ta samu, amma ainihin ciwon Oktoba na nan.

Asabar, 25 ga Janairu

Gwajin maidowa. Na ɗauko 2960 ɗin da muke ajiye da shi a sito, na ce bari in ɗauka na ofishin kuɗi ya ƙone, in ga minti nawa zai ɗauke ni. Na sa yaron IT ya riƙe agogo. Na yi tsammanin minti ashirin. Awa ɗaya da minti hamsin muka yi.

Na farko, `write erase` bai share VLAN ɗin da ke cikin na siton ba, domin suna `vlan.dat`, shi kuwa sai an goge shi daban. Na biyu, kuma mafi muni, saitin da ke Git ba shi da jerin VLAN ɗinmu kwata-kwata. Suwic ɗin suna yanayin saba na VTP, tsarin da ke yaɗa jerin VLAN daga suwic zuwa suwic, kuma a wannan yanayi sunayen VLAN a `vlan.dat` kaɗai suke zama, ba sa fitowa a saitin da muke kwafa. Kafofin suna neman VLAN ɗin, suwic ya ƙirƙiro wasu da sunaye na babu gaira, wasu ko oho. Na uku, SSH ya ƙi, domin makullansa na `private-config.text`, sai da na sake `crypto key generate rsa`.

Akwai kuma abin da Allah ya tsare. Na siton nan ya taɓa aiki a netwok ɗinmu, da sunan yankin VTP iri ɗaya. Da lambar bitarsa ta fi ta sauran, kuma na jona shi kai tsaye ban goge `vlan.dat` ba, zai iya shafe jerin VLAN na kwaleji gaba ɗaya ya ɗora tsohon nasa. Na yanke shawara: duk Catalyst ɗin za su koma `vtp mode transparent`. A haka VLAN na fitowa a cikin saiti, suna shiga ajiya, ba kuma wanda zai shafe na wani. Farashinsa shi ne sabon VLAN sai an bi suwic ɗaya-ɗaya an ƙara. Ga suwic sha shida da VLAN tara da ba sa canzawa sai shekara-shekara, na yarda da wannan ciniki.

Talata, 11 ga Fabrairu

An gama mayar da su. Na kuma sa `no setup express` a kowanne, bayan na gano cewa riƙe maɓallin Mode na 'yan daƙiƙu a suwic mai aiki na iya sa ya ture saitinsa gefe ya tashi fanko. Cisco ma ta taɓa fitar da sanarwa kan 3650 da 3850 cewa robar kan wasu kebul, in an soka su a kafa ta ɗaya, tana iya danne maɓallin. Mu namu masu shara ne ke goge kabad da tsumma da ƙarfinsu. An sayo kwaɗo bakwai.

'Yar manhajar da na rubuta ta fara aiki. Kullum ƙarfe bakwai na safe tana shiga kowane suwic, ta kwatanta saitin biyu. Ba ta ajiye komai, ba ta gyara komai. In ta ga bambanci, sai ta turo saƙo ga sashe da sunan suwic da layukan da ke rataye. Mutum ne zai duba ya ce a ajiye ko a zubar. Da na kunna `log config` a ƙarƙashin `archive`, kowa kuma ya samu sunan shigarsa shi kaɗai, saƙon har wanda ya yi canjin yake faɗa. Wani abokin aiki ya ce wannan tonon silili ne. Makon farko sunana ne ya fito sau biyu, sai maganar ta mutu.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ya fara leƙowa. Oga ya amince da gwajin da na daɗe ina roƙo, da sharaɗin a yi shi bayan an tashi aiki. Jiya da la'asar muka bi gini-gini muna zare wa suwic wuta da gangan, muna mayarwa, muna duba ko ya tashi yadda ya kwanta. Ashirin da biyu suka dawo daidai. Gwajin maidowa da na siton kuma ya sauko minti ashirin da biyar, kuma yaron IT ne ya yi shi shi kaɗai da takardar da na rubuta, ni ina gefe hannu a aljihu. Wa'adinsa zai ƙare ƙarshen wata. Na rubuta wa Oga a nemi hanyar riƙe shi.

Na ashirin da uku shi ne na ɗakin taro. Ya karɓi `write memory`, ya ce ya ajiye, amma da ya tashi sai ga tsohon saiti. Da na leƙa sai na tarar filashinsa cike yake da tarkace har yana ba da kuskure wajen rubutu. Ba na son taɓa shi da yunwa a cikina ana saura minti arba'in a sha ruwa. Na kwafe saitinsa da hannu, na manna takarda a ƙofar kabad cewa kada a kashe shi, na sa shi a jerin ranar Asabar da safe tare da sauya batirin UPS na ginin kimiyya.